Gwajin Ta'aziyya

Kauthar ta karɓi wayoyin Alhaji Badaru ta miƙa wa mai tsaron lafiyarsa, ta ce ya je ya jira a mota. Ɗakin da take horar da manya ba ya son shaida. An lulluɓe bangonsa da soso mai kauri, ko ihu aka yi a ciki ba a ji daga waje, don a nan ne mutane ke faɗin abin da ko lauyansu ba sa gaya wa.

Sana'arta ke nan, wanke suna. In babban mutum ya faɗa hannun kotu, lauya ya ji da alƙali, ita kuma ta ji da bakin jama'a.

Alhaji Badaru yana da kamfanin fasa dutse a Mpape, gefen Abuja. A watan jiya ma'aikatansa suka tayar da nakiya ba tare da an busa jiniyar gargaɗi ba. Wani dutse ya tashi sama, ya huda rufin kwanon wani gida, ya faɗa kan wata yarinya mai suna Hannah. Nan take ta cika.

Kauthar ta riga ta ci rabin aikin. Ta sa an baza a jaridu da wayoyin mutane cewa uban yarinyar mashayi ne, kuma da gangan ya yi gini a inda aka hana. Abu ɗaya ya rage kafin a shiga kotu: gobe Alhaji zai je ta'aziyya a gaban kyamara. Matsalar ita ce Alhaji mutum ne mai saurin hawa, kalma ɗaya tana iya sa ya rushe duk abin da ta gina.

Shi ya sa ta nemi ɗan wasan kwaikwayo. Wata ƙawarta ta haɗa ta da wani Dominic, ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya iya kukan ƙarya kamarsa ba. Ta waya suka daidaita. Ta ce ya zo da tsofaffin kaya, ya zama uban Hannah, ya gasa wa Alhaji magana har sai ya koyi haɗiye ta. Maigadi kuma ta gaya masa in wani talaka ya zo nemanta, ya shigo da shi kai tsaye.

Tun kafin lokaci ya yi sai ga mutumin ya iso. Kauthar ta ƙare masa kallo, ta ji daɗi a ranta. Silifas ɗinsa sun yi fari fat da garin dutse, idanunsa jajur, ga wata tsohuwar jaka da ta rinjayar masa da kafaɗa ɗaya. Ta miƙa masa takardar tambayoyi, ya riƙe bai ko duba ba. Ruwan da aka kawo masa ma bai taɓa ba.

"Ke ce Madam Kauthar?"

"Ni ce. Ga Alhaji Badaru nan. Kada ka raga masa."

Ya daɗe yana kallon Alhaji kafin ya zauna.

Ta sa Alhaji ya cire agogon zinarensa, ta nuna masa yadda zai sunkuyar da kai, da inda zai ɗan yi shiru kamar magana ta maƙale masa. Alhaji ya gyara murya ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Wannan rashi namu ne duka."

"Oga, me ya sa ba a busa jiniya ba?"

"Ana kan bincike."

"Yarinyana yana cin tuwo. Da muka ɗaga dutsen, loma yana nan a hannunsa."

Kauthar ta jinjina kai. Har Hausar mutanen ƙauyukan Abuja ya iya, wadda ba ta ware mace da namiji. Zancen lomar kuwa ba ita ta ba shi ba. Ta ce a ranta lallai ƙawarta ba ta yi ƙarya ba.

Suka yi ta maimaitawa. Duk amsar da Alhaji ya bayar, mutumin sai ya dawo kan jiniya, hawaye na gangaro masa bai share ba. Daga ƙarshe Alhaji ya gaji, ya jingina da kujera ya bushe da dariya.

"Hajiya, mutumin nan naki ya iya! To, tunda mu ya mu ne, jiniyar tun bara ta lalace. Injiniya ya gaya mini. Sai in tsayar da aiki saboda jiniya? Wa ya ce su tare a gindin dutse?"

"Alhaji! Wannan ita ce maganar da ba za ta fito daga bakinka gobe ba."

Mutumin ya daina kuka. Ya juyo gare ta a hankali.

"Ke kuma Madam, wa ya gaya maki uban yana shan giya?"

"Babu wanda ya gaya mini," ta ce tana murmushi. "Aiki ne."

Ya gyaɗa kai. Ya jawo jakarsa tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora hannu a kan zif ɗin.

Wayarta ta kama rawa a aljihu. Ta katse, aka sake kira, ta sake katsewa, aka kuma kira. Lamba ce da ba ta ajiye da suna ba.

"Ku sake daga farko, ina zuwa," ta ce.

Ta fita ta ja ƙofar mai nauyi. Tana sakin mariƙin ta ji an murza makulli daga ciki. Ta ɗauka Alhaji ne ba ya son sakatariya ta gan shi yana sunkuyar da kai gaban talaka. Ta taka zuwa bakin taga, ta kara wayar a kunne.

"Madam, Dominic ne. Don Allah ki yi haƙuri, motarmu ce ta lalace a unguwar Dutse Alhaji, amma ina hanya, yanzu zan iso."