Tsamiyar Lami

Gayu, ana fentin gidan da muke haya a unguwar Arba wa Nus, warin nan kawai ya cilla ni ƙauyenmu, wallahi.

Ina ɗan firamare wani ma'aikacin safiyo ya zo rubuta sunayen wurare don taswira. Kakana ya zura rigar Sallarsa, ya ja hannuna, muka kai shi tsamiyar bakin hanya. A nan marigayiya kakata Lami ta yi ta sayar da fura har kowa ya koma kiran wurin Tsamiyar Lami.

Kaka ya ce, "Samari, sa mini sunanta a takardar nan. Kabarinta ya riga ya baje."

"Baba, itace ba ya shiga, sai rijiya da dutse. Itace ai mutuwa yake."

Ma'aikacin ya dangwala wa tsamiyar jan fenti, alamar awonsu, ya wuce. Kaka ya sa hannun rigarsa yana gogewa, fentin yana ƙara yaɗuwa. Ko kallona bai yi ba.

Jiya ƙanwata ta turo saƙo, wai masu gawayi sun sare tsamiyar bakin hanya. Na ce, "Tsamiyar Lami?"

Ta ce, "Wace Lami kuma?"

Khalas, shi ke nan, na kife wayar.