Mai Ƙwan Zabi da Fankokin Kan Tudu

Tunda kun ce wutar iska za ta karya kuɗin lantarki, ni kuma da na ɗan yi gyaran murya kuka ce baƙin ciki nake yi da ci gaba, to na daina musu. Misali zan ba ku, kyauta, kamar yadda na saba ba a gode mini.

An yi wani mutum a wani gari da ke gindin tudu, sana'arsa ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Da damina yake sayo ƙwai a ƙauyuka, ya jera a injin ƙyanƙyasa, bayan kwana ashirin da takwas 'yan zabi su fito. Injin nan ba ya son a ɗauke wuta, don ƙwan da ya fara ɗaukar ɗumi in ya huce ya tashi daga aiki. Shi ya sa yake ajiye ɗan janareta a zaure, da kaji masu kwanci a akurki, saboda ko-ta-kwana. Ana nan sai aka zo aka kafa wasu fankoki a kan tudun, kowacce ta fi rimi tsawo, aka tara jama'a aka ce daga yau iska ce za ta riƙa ba da wuta. Duk jawabin da aka yi, kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa, wato iska. Wa ya taɓa biyan kuɗin shan iska? Kafin Juma'a ta zagayo ya sayar da janaretan, ya cika injin da ƙwai ɗari huɗu. Kajin ma ya ce tsohon yayi ne, ya sallama su da araha ga wani maƙwabcinsa, mutum mai hangen nesa da kyan fasali, wanda kunya ba za ta bar ni in faɗi sunansa ba.

Gwaggonsa, tsohuwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a masussuka, ta ce masa, "Ɗan nan, shekara hamsin ina shiƙa. Sau nawa na ɗaga ƙwarya sama na tsaya har hannuna ya sage? Iska ba ta zuwa don kana da hatsi." Ya ce, "Gwaggo, waccan iskar ƙaiƙayi ce, wannan ta injiniyoyi ce."

Mako biyu abin gwanin sha'awa, sai dai ya lura katin mitarsa na ƙarewa da wuri fiye da da. Ya ce ƙila mitar ce ba ta samu labari ba tukuna. Da damina ta fara ja da baya sai gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Ranar kwana na goma sha tara da jera ƙwan ya fito da safe ya ɗaga kai, ya ga fankokin nan a tsaye cak. Kafin ya koma ciki injin ya yi shiru. Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya kara a kunci, da sauran ɗumi. Ya lulluɓe injin da bargo, ya nufi ofishin wuta. Ma'aikacin da ya tarar ya yi masa bayani a tsanake. Wutar fankokin ba ta garinsu ba ce, babban layi take shiga ta wuce. In iska ta kwanta sai an tada wasu manyan injina da aka ajiye suna jira, su kuwa ko suna aiki ko suna zaune ci suke yi, kuma cin nasu a kan kowa ake raba shi. In wutar ta gaza, layin masana'antu da manyan unguwanni ake fara tsarewa, ƙananan garuruwa su jira. Ya ce, "Ni da nake kwana a gindin fankar?" Ma'aikacin ya ce, "Malam, mai hutawa a gindin mangwaro ai ba shi ne mai gonar ba."

Daga nan bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. Wuta ta zo da hantsi, ta tafi kafin azahar. Ya sa garwashi a kasko kusa da injin, ya ji tsoron kada ƙwan ya dahu, ya janye. Ya ji tsoron kada ya huce, ya mayar. Mutumin da ya saba hana 'ya'yansa yin fito da baki don an ce yana kiran iskoki, shi aka gani a kan tudu tsakar rana, hula a hannu, yana ta fito a gindin fanka. Daga ƙarshe ya haɗiye girman kai ya je aron kajinsa. Maƙwabcin, da yake mutumin kirki ne, ya ba shi uku. Amma sun riga sun gama kwancinsu, kaza kuwa ba ta kwanci don an roƙe ta. Wadda ya ɗora a kan ƙwan ta dube shi da ido ɗaya, ta tsallake ta tafi kiwo.

Ranar kwana na ashirin da takwas ya durƙusa gaban injin yana kasa kunne. 'Yan zabi tara suka fito. Da la'asar ɗin nan iska ta taso da ƙarfinta, fankoki suka kama juyi, wuta ta dawo tana ta ɗumama baragurbi. Masana'antun birni ko labarin ba su ji ba, don injinansu ba su tsaya ba ko sau ɗaya.

Saboda haka in an ce muku wuta za ta yi araha, ku tambaya ranar da iska ta kwanta wa zai biya, kuma layin wa za a fara yankewa. Mai ɗauke da buhun dutse bai san ana iska ba. Masu magana dai sun riga ni, ko da yake da kaɗan: iska na wahalar da mai kayan kara.