Motar Mahaifinsa

To, tunda ka ce tsohuwar mota kake so ka saya ka riƙa gyarawa a hankali don ɗebe kewa, gyara zama ka ji labarin wani mutum. Ni har yau in na tuna shi kaina ɗaurewa yake yi, don na rasa wanda zan ɗora wa laifi.

Mutumin nan ma'aikaci ne da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi. Wata rana ya je ta'aziyya wani ƙauye, sai ya ga wata tsohuwar mota a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a kujerar baya. Ya duba lamba, ya shafa wata lotsawa a ƙofar direba, sai ya gane ta. Motar marigayi mahaifinsa ce, wadda aka sayar tun yana saurayi. Bai bar ƙauyen ba sai da ya saye ta. Abin mamaki, da aka zuba mata mai aka tura, sai ta tashi, tana tari tana hayaƙi, ta kawo shi har gari da ƙafarta. Burinsa ɗaya ne tak: mahaifiyarsa na raye, ta tsufa tukuf, ido ya tafi, yana so kafin ta bar duniya ya sa ta a motar mijinta ya zaga gari da ita. Amma ya ce ba zai kai mata ita a wannan hali ba, sai ta yi kyau. Ya wuce ta ƙofar gida bai tsaya ba, ya ajiye ta a garejin wani amininsa.

Daga nan aka shiga ruɗani. Bakanike na farko ya kasa kunne ya ce injin lafiyarsa lau, wanki kawai yake so. Na biyu ya rantse cewa injin ya mutu tuntuni, ikon Allah ne kawai ya kawo ta. Mutumin ya tsaya tsakaninsu yana kallon wannan yana kallon wancan. Yana cikin haka sai aminin nan mai gareji, mutumin kirki wallahi, ya jawo injin wata motarsa da ta yi haɗari ya ce ya ba shi kyauta. To, ka san mu, ba a mayar da hannun kyauta baya. Ya yi godiya, aka ciro na mahaifinsa aka jingine a bango. Da surukinsa ya ji, ya ce ai ba za a bar shi a baya ba, ya aiko da kujeru masu laushi. Wa ya isa ya ce wa suruki a'a? Mai fenti kuwa dattijo ne da ya girme shi, ya dubi launin tokar da ke jikinta ya ce shi dai ba za a ga wannan kalar ta fito daga hannunsa ba, mutane su ce ya tsufa. Ya feshe ta da ja. Mai walda ya buge lotsawar ƙofa ba tare da an sa shi ba, har yana jiran yabo. 'Yan majalisarsa suka haɗa masa sabon ham mai ƙara kamar na tirela. Kowa ya kawo nasa, shi kuma kullum amsarsa "to, madalla." In ya koma gida sai ya ji wani abu na ci masa rai, amma ya kasa gane mene ne, tunda duk wanda ya leƙa garejin cewa yake mota ta haɗu.

Ranar da aka gama, ya yi wanka ya sa manyan kaya, ya riƙo hannun tsohuwa ya zaunar da ita a gaba. Bai faɗa mata komai ba, so yake ta gane da kanta. Ya tayar da mota, ta tashi shiru ba ko tari. Tsohuwa ta shafa kujera, ta shinshina, ta lalubi ƙofa, ta sa masa albarka da sabuwar mota. Ya daure ya ce, "Inna, ba ki gane ta ba? Motar Baba ce." Ta ce, "A'a, ɗan nan, an yaudare ka. Kwanakin baya dai na ji wata ta wuce ta ƙofar gida tana tari, har na ce ga Malam nan ya dawo. Ita ce tasa. Wannan ban san ta ba."

Ya mayar da ita ɗaki, ya garzaya gareji neman tsohon injin. Aka ce ai ya tare hanya, an ba 'yan gwangwan, su kuma sun kai wa masu narka ƙarfe. Ya dawo ya tsaya gaban jar motar nan, hawaye na zuba, ya rasa ta wa ce: ta mahaifinsa, ko ta amininsa, ko ta surukinsa. Babu wanda ya cuce shi, kowa alheri ya nufa, shi ma haka.

Don haka in ka saye ta, ka fara sanin abin da ya sa kake son ta kafin ka bari a ɗora mata sifana. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira a rasa ido.