Injiniyan da Ya Ƙara wa Wayar Madatsa Sauri

Ɗauke hannunka daga kan madannan kwamfutar nan tukuna, Malam Sha'aibu. Na ga umarnin da ka rubuta, babu kuskure a cikinsa. Amma ban ga inda ka kwafe tsohon saitin ka ajiye ba, ga shi kana shirin dannawa. Zauna in ba ka misali, don ni na gaji da ganin masu ilimi suna ɓarnar da jahili ba zai iya ba.

An yi wata madatsar ruwa da manoman rani suka dogara da ita. Injinan da ke tura ruwa cikin magudanai suna can ƙasa a bakin ruwa, wani akwatin ƙarfe ne yake sarrafa su. Shi ke buɗe ƙofofin ruwa, shi ke rufewa, shi ya san gonakin da za a ba ruwa yau da waɗanda za su jira gobe. Hanya ɗaya ce ta yi masa magana: wata doguwar waya da aka binne daga ɗakin injin zuwa ofis a kan tudu, inda mutum zai zauna gaban baƙin allo ya rubuta umarni, akwatin ya amsa. Wani tsohon ma'aikaci ne ya saita wayar tun da daɗewa, ya kuma ɗora ta a kan tafiyar hawainiya. In ka tambayi akwatin abu, haruffa ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, har ka kurɓi shayi kafin layi ya cika. Dalilinsa shi ne wayar ta yi tsawo, ta kuma bi ta gefen injina, ba ta ɗaukar magana da sauri. Bai rubuta dalilin a ko'ina ba, wannan laifinsa ne, ba zan wanke shi ba. Amma ranar da ya yi ritaya babu wanda ya tambaye shi komai. Agogon bango aka ba shi, aka tafa masa, ya koma garinsu.

Sai aka turo sabon injiniya mai takardu, kuma wallahi ya san aiki. Sati biyu ya yi yana tsaki a gaban allon. Wata safiya, daidai lokacin da tumatir ya fara fure, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana jiran haruffa ba. Akwai umarni guda da zai sa akwatin ya zayyano duk abin da ke cikinsa, mutum ya kwafe ya ajiye. Da wannan wayar aikin minti ashirin ne, shi ya sa ya tsallake. Ya rubuta layi ɗaya: a ninka saurin sau goma sha biyu, a kuma tabbatar da shi ko an kashe wuta. Ya danna. Akwatin ya yi biyayya nan take, ya koma sabon saurin. Wayar ce ta gaza. Allon ya cika da tarkacen alamomi kamar tafiyar kaza a kan yashi. Injiniyan ya rage saurin ɓangarensa, akwatin ba ya ji. Ya ƙara, wayar ba ta kaiwa. Da hannunsa ya toshe hanyar da zai bi ya ce a koma yadda ake.

Kunya ta hana shi neman tsohon. Ya sauka ɗakin injin a fusace, ya soka tsinke a ɗan ramin da ke mayar da akwati yadda ya fito daga kamfani. Magana ta dawo, amma akwatin ya manta komai: jerin gonaki, lokutan ban ruwa, ƙarfin kowane inji. Akwatin da bai san abin yi ba kuwa rufe ƙofofi yake yi ya zauna, haka aka ƙera shi. Ruwa yana nan fal a madatsa, magudanai suna bushewa.

A kwana na shida wani manomi ya hau tudun, riƙe da tushen tumatir da ya yi yaushi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, injin ne ya lalace?"

Injiniya ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, baba. Gyara ake yi."

"To, da can me ya same shi?"

Injiniya ya mayar da idonsa kan allon. Manomin ya ajiye masa tushen a kan tebur, ya fita.

Sai a kwana na tara aka ɗauko tsohon, idonsa ya yi rauni, rabin lambobin saitin sun kwanta masa. Kwana huɗu ya yi yana lalube kafin ruwa ya taho. Ruwan ya tarar fure ya riga ya zube. Manomin nan ya sayar da shanun nomansa, 'ya'yansa biyu suka tafi cirani. A rahoton da aka kai sama an rubuta cewa tsufan kayan aiki ne ya jawo matsalar, injiniyan kuma aka mayar da shi hedikwata, ofis mai sanyi. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Magabata sun riga sun gama magana, ko da yake a wannan karon idon da aka rasa ba na injiniyan ba ne: garin neman gira, a rasa ido.