Jarkar da Inna Ta Ɗauraye

Da likita ya tambaye shi abin da 'yarsa ta sha, sai ya kau da kai.

Wata bakwai ke nan yana haɗa sinadaran ƙwaya a ɗakin baya, kwalekwale na tsallaka da su kogi. A gida ya ce sabulu yake yi. Ya ɓoye wa jandarmomi, ya ɓoye wa maƙwabta, jarkar da ta ƙare kuwa bayan katanga yake wurga ta.

Mahaifiyarsa ta matso.

"Ruwa ne kawai, likita. A jarkar da ya yar na zuba, sabuwa fil. Sau uku na ɗauraye ta." Ta waiwayo ta dube shi. "Ai ta sabulu ce, ko?"