Amalanken Kande

Tun da aka haramta lantarki da inji cikin gine-gine, Kande ke dakon buhunan fulawa a gidan burodinsu, har bayanta ya ƙage. Mijinta Ɗanlami maƙeri ya haɗa mata amalanke mai tafiya da kansa, da dutse rataye da igiya. Dutsen na sauka a hankali, ƙafafun na juyawa.

Ranar gwaji sai ga jami'in bincike. Kande ta tsaya cak, don an sha rufe wa mutane sana'a. Jami'in ya durƙusa ya kara kunne jikin amalanken.

"Malam, me ke tura shi?"

"Nauyin dutse ne kawai, ranka ya daɗe," in ji Ɗanlami.

Jami'in ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "To, ba a hana nauyi ba tukuna."

Kande ta sauke ajiyar zuciya, ta ƙara buhu.