Injin da Ya Ƙi Tashi

Sau goma sha huɗu Gwani ya ja igiyar, sau goma sha huɗu injin ya yi tari irin na tsohon mashayin taba, ya koma barcinsa.

Hantsi ya ɗaga. Bakin ruwan shiru, jirage duk sun fita tun asuba, sai wannan tsohon na katako da ke ɗaure a jikin gada. A tsallake akwai mai saye yana jira, ya kuma faɗa da bakinsa cewa in azahar ta yi bai ga jirgi ba, motarsa zai shiga. Gwani ya dubi rana, ya dubi hanya, ya tofa yawu a tafin hannu ya sake ja. Igiyar ta ƙwace ta doke shi a haɓa. Ya zagi injin, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya haɗa da kakarsa.

"Zagi ba ya ta da shi, samari. An gwada."

Wani tsoho ne a kan gadar, da sanda, da hular da ta sha jiki. Bai jira an ce bismilla ba, ya kife wani bokiti ya zauna, kamar wanda ya zo kallon dambe.

"Sannu, Baba. Yanzu zai tashi."

"Haka kowa ke cewa. Buɗe murfin tanki ka sansana."

Gwani ba baƙon inji ba ne. Shekara bakwai ya yi a gareji kafin su rabu da maigidansa kan wata 'yar magana ta batir. Ya so ya ce wa tsohon ya kama gabansa, amma ya buɗe. Warin da ya bugi hancinsa ba na fetur ba ne, na fenti ne da ya kwana biyu. Ya tsiyaya kaɗan a kwalba ya ɗaga wa rana. Mai a sama, ruwa kwance a ƙasa, kaurin yatsa biyu.

"Mai wannan inji bulala ta dace da shi," in ji tsoho.

"Hidima ce ta yi yawa, Baba."

"Wace hidima? Lalaci dai."

Gwani ya tace man a hankali cikin galan, ya zubar da ruwan, ya goge tankin da tsumma. 'Yar ƙofar iska da ke kan murfin ta yi tsatsa ta toshe, ya ɓule ta da ƙusa. Ya matsa robar da ke tura mai, ta ƙi yin tauri. Ya bi tiyo da yatsa har ya sami inda ya tsage, ya yanke wurin, ya mayar, ya ɗaure da waya.

Ya ja. Tari ɗaya, shiru.

"Fulogi," in ji tsoho.

Gwani ya birkice akwatin kaya, babu sifanar da ta yi daidai.

"Duba ƙarƙashin bencin baya. Masu jirgi can suke tura ta."

Can ɗin take, naɗe cikin tsohuwar safa. Fulogi biyun sun fito baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ya kankare su da wuƙa, ya goge da gefen rigarsa, ya daidaita bakinsu da ido. Ya ja. A wannan karon injin ya yi gurnani, ya girgiza jirgin, ya ɗauka kamar da gaske, sannan ya sake mutuwa.

Inuwar gadar ta fara tsukewa. Gumi ya jiƙa Gwani har wando. Ya sake duban hanya.

"Saura kafireta," in ji tsoho, yana sakace haƙori.

"Ba lokaci, Baba. In na ja cok na riƙe, na rage masa iska, zai kai ni."

"Zai kai ka tsakiyar ruwa, ya ajiye ka nan. Ka iya iyo?"

Gwani bai iya ba. Ya shimfiɗa rigarsa a kan benci, ya kwance kafiretar, ya jera ƙananan kayanta ɗaya bayan ɗaya. Cikinta duk danƙo, kamar an dafa alewa. Ya wanke da mai, ya zare silin waya ɗaya ya zura a ramin da ya fi ƙanƙanta, ya hura har idonsa ya yi ja. Ko wasa bai ɓatar da noti ɗaya ba. Tsohon ya miƙo wuya yana kallo, ya daina sakace.

"Kai, wa ya koya maka?"

"Allah."

"To, ya koya maka da kyau."

Ya mayar da komai, ya matsa robar har ta yi tauri, ya ja sau ɗaya tak. Injin ya tashi da ruri, hayaƙi ya turnuƙe, sannan ya lafa ya koma ƙara mai santsi, ruwan sanyaya shi yana tsartuwa ta baya. Gwani ya yi dariyar farko tun safe.

"Allah ya saka, Baba! Kwance min igiyar jirgin nan!"

Tsohon ya kwance, ya jefo masa. Gwani ya sa giya, ya murɗa. Jirgin ya yi taku biyu, ya tsaya cak, Gwani ya kifa da baki cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgi. Da ya ɗago, sai ga sarƙa mai kaurin hannu ta miƙe daga cikin ruwa, daga gindin jirgin zuwa turken gada, da ƙaton kwaɗo a jiki. Can kan hanya wasu ƙarti huɗu na gangarowa, ba sa ko sauri.

Tsohon ya laluba aljihu, ya fito da makulli yana kaɗawa.

"Kashe shi, kar ka ƙone min mai. Wata uku yana kwance, makanikai biyu sun ɗaga hannu. Ga 'ya'yana nan tafe, su za su sallame ka. Amma tsakani da Allah, samari, tun da nake ban taɓa ganin ɓarawon jirgi mai hannu irin naka ba."